Tiya Mai Tafiya da Zamani

Wani mutumin Kurugu ne, rumbunsa ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, ya koma awo. Duk ran kasuwa sai ya auno dawa tiya goma a Ƙaraye, ya ɗoro a ka.

Wata rana ya tarar mai awo ya bubbuge gindin kwano ya turo shi ciki. Ya tambaya ko tsada aka yi. Mai awo ya ce, "Haba Malam, wace tsada? Ko kwabo ba mu ƙara ba. Kwanon ne muka daidaita shi da zamani."

Gogan naka ya ji daɗi har da sa albarka. Da ya juya ya ci karo da motar masu maganin ƙarfi, ana cewa ba saye ba ne, zuba jari ne a jiki. Ya zuba jarin kuɗin cefane, ya kwankwaɗi kwalba guda. Ya ɗauki buhu, ya ji sakayau.

Sati na gaba aka ƙara daidaita kwano, shi kuma ya sha kwalba biyu. Buhu ya ɗagu da hannu ɗaya. Kafin wata ya ƙare a hammata yake saƙalo tiya goma, yana tafe yana fito, yana neman wanda zai taimaka wa da kaya.

Matarsa Saude ta yi ƙorafi dawa ba ta kai sati, miya kuma babu ko daddawa. Ya ce ta yi haƙuri, cikin yara ne ke bunƙasa, shi kuwa ya kusa dawo da jarinsa. Ai ƙarfi irin wannan ba a bar shi a gida ba.

Ya je kasuwa ya sa akuyar Saude a caca, ya ce zai ɗaga Mijinyawa ɗan dako, ƙaton da ke saɓa buhu biyu yana cin rake. Aka yi da'ira. Ya rungumi Mijinyawa, ya yunƙura. Mijinyawa bai ma daina tauna ba. Ƙugun mutumin ya ce ƙas.

A baro aka kawo shi gida, akuya kuwa ta bi Mijinyawa. Yana nishi yana cewa wallahi an yi wa maganin nan algus.

Saude ta dube shi ta ce, "Maganinka lafiya lau, Malam. Shi Mijinyawa da tsohon kwano aka auna shi."