Yadda Ake Sabon Murfin Injin Zarto Bayan Ka Fasa Na Surukinka

Surukinka kafinta ne. Zai kwana uku a asibiti a gyara masa ido, ya bar maka makullin shago saboda lokacin neman aure ka ce kai ma ka iya aikin katako. Kafin azahar ka fasa murfin injinsa, wato farantin nan na tsakiyar tebur da zarto ke leƙowa ta cikinsa. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari har albarka zai sa maka. Ni an sa min.

1. Duba yatsunka

In goma ne, zare wayar injin daga wuta. Tsince gutsattsarin murfin ka liƙe su da gam, da su za ka fitar da zane. Mai walda na kusa zai leƙo ya ce, "Wace ƙara na ji?" Ka ce, "Tari na yi."

2. Nemo katako

Ana son fallen da bai lanƙwashe ba, mai kauri daidai da zurfin gurbin. Kada ka taɓa na shago, tsohon ya san kowane falle kamar ɗan cikinsa. Je gida. In matarka ta ce, "Baban yara, ina katakon da nake jera kofuna?" ka ce, "Yana hidimar mahaifinki." Ba ka yi ƙarya ba.

3. Zana, yanka, goge

Ɗora tsohon murfin a kan fallen, bi gefensa da fensir, yanke da zarton hannu. Yi ta gogewa da samfefa har ya zauna daram, kansa ɗaya da tebur. Huda ramin da yatsa zai shiga don ɗagawa. In ya yi sako-sako, koma gida. Akwai katakon da take jera faranti.

4. Bar zarto ya fasa wa kansa hanya

Sauke zarton ƙasa gaba ɗaya, sa murfin, gicciya katako mai kauri a kansa ka matse da kilam, wato ƙarfen matsewa, gefe biyu. Kunna injin, tsaya daga gefe, murɗa hannun a hankali har zarto ya ɓullo. Tsagar za ta fito daidai kaurinsa, ko ƙuda ba zai ratsa ba.

5. Sake wa laifin suna

Daga yau ba fasawa ka yi ba, gyara ka kawo. Tsohon murfin bakinsa faɗi ne, yana haɗiye guntaye, yana tsattsage ƙasan katako. Naka ba ya yi. Duk gaskiya ne, kuma ƙaryar da aka yi wa harsashi da gaskiya ba ta saurin rushewa.

6. Tarbi tsohon

Zai shigo da auduga a ido ɗaya. Durƙusa ka ce, "Baba, ya jiki? Na ɗan yi muku wata dabara." Zai yanka falle, ya shafa gefen, ya ji sumul.

"Allah ya yi maka albarka."

Nan alkawarina ya cika.

7. Abin da zai biyo baya

Zai ce, "To, miƙo tsohon murfin. Zan karkata zarton in yanka kusurwa, wannan naka ba ya barin karkatawa."

Kada ka ce ɓarayi. Ni na fara faɗin haka, surukina ya ɗaga hannu ya ce:

"Mai walda ya zo duba ni. Matarka ma ta zo, da kofunanta a jaka. Likita ya hana ni dariya, da na yi. Kusurwa biyar nake yankawa, kowace ka yi mata nata murfin. Da katakon gidanku."

Sanarwa: marubucin ba shi da hannu a yatsan da ya ragu, ko gaisuwar da aka amsa da ka, ko kwanukan da suka koma zama a ƙasa. Masu ƙorafi kada su zo gida, ba kujerar zama. Ina kan murfi na huɗu.