Jar Kula daga Sule Tankarkar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da akuya ta tona mini asiri a tsakar gidana ba, gaban baƙuwa, gaban ɗan da na haifa. Ni da mutanen unguwarmu a Gumel suke yi wa shaidar haƙuri, har in mata sun yi faɗa a gidan suna ni ake kira in ba su baki. To ku saurari abin da mai ba da bakin ta aikata.

Ɗana Habibu mawaƙi ne. Ba gado ya yi ba, mahaifinsa hatsi yake sayarwa a kasuwar Maigatari. Tun yana sakandare ya haɗu da wani yaro Isiya, ɗan Sule Tankarkar da ya zo karatu Gumel, suka ƙulle. Habibu murya, Isiya kiɗa da fiyano. Sun sha bin bukukuwa a kan baburin aro, wani lokaci ladansu shinkafar biki ce kawai. Sai Allah ya ɗaga wata waƙarsu. Na ji ta a shagon mai cajin waya, na ji ta a motar haya, har wata rana na ji wata amarya tana rera ta tana wanke-wanke, ba ta san uwar mai waƙar ce ke wucewa ba.

Suna ya ɗan ɗauki Habibu, ba zan ɓoye ba. Ya koma Kano, ya fara sa baƙin gilashi ko a ɗaki, in na kira shi sai wani ya ɗauka ya ce yana situdiyo. Amma abu ɗaya ya riƙe. Manya a harkar sun ce masa ya saki Isiya ya kama makaɗin birni, ya ce muryarsa ba ta san hanya ba sai hannun Isiya na gaba.

Ranar da abin ya faru, sun gama wasa a wani biki. Isiya ya shiga mota da kayan kiɗa, Habibu ya tsaya ɗaukar hoto da masoya, ya ce su yi gaba zai biyo su. Motar ba ta wuce Gagarawa Tasha ba, ta yi hatsari. Isiya ya rasu a wurin.

Ba a gama zaman makoki ba aka fara rubutu a waya. Me ya sa bai shiga motar ba? Ya aka yi sunansa ya tashi da sauri haka? Wasu ma ba su kewaya ba, suka ce ba da abokinsa ya yi wajen tsafi don ɗaukaka. (Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci don in riƙa karanta takardar asibiti da kaina. Ban san zagin ɗana zan zauna ina haɗa baƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya ba.) Wanda na kasa karantawa, maƙwabciyata Uwani ta karanta mini, har da ƙarin gishiri.

Habibu ya dawo gida ya shige ɗaki. Ya je ta'aziyya, amma a waje ya zauna cikin maza, ya kasa shiga ya haɗa ido da mahaifiyar Isiya, Yaya Hansatu. Yaron da ko alwala yake yi sai ka ji yana ɗan rera wani abu, ya yi tsit. Abinci sai na tsaya a kansa.

Ana cikin haka sai ga Ɗanjuma, mai baburin da ke jigila tsakanin Sule Tankarkar da Gumel, ya yi sallama da wata jar kula ɗaure a bayansa. Ya ce Yaya Hansatu ta ce a ba Habibu, a dama masa ya sha. Na buɗe, fura ce, manyan curi, an barbaɗe ta da gari. Na ji citta, na ji kanumfari, sai kuma wani ƙanshi a ƙasansu da ban gane ba.

Kuskurena na farko, na nuna wa Uwani. Ta sunsuna, ta mayar da murfin a hankali kamar mai rufe maciji, ta tambaye ni ko na manta abin da gari ke faɗa. Matar da aka ce ɗanki ya ba da ɗanta, ita ce za ta zauna ta kirɓa masa fura? Ta ce ba kashe shi za a yi ba, murya za a kama, ta kuma ba ni labarin wani mawaƙi a can ƙetaren iyaka da aka ba abin sha, ya wayi gari sai da hannu yake magana. Na ce mata Yaya Hansatu ba haka take ba. Na faɗa da bakina. Amma da Uwani ta fita ban kai kular ɗakin Habibu ba.

Na zauna ina tunani. Zubar da abinci zunubi ne. Mayar da shi cin fuska ne. Sai idona ya faɗa kan Ƙyalla, akuyata, tana ɗaure a gindin darbejiya. Na ce to, ita ma ai tana da murya. Na dama furar da ruwa a wata tsohuwar tasa na ajiye mata, ta shanye har tana lashe gefe. Daga nan na koma mai sauraron kukan akuya. Da safe in kasa kunne, da yamma in kasa kunne, ina jiran in ji ta dishe. Ba ta dishe ba. In gaskiya za a bi, muryarta ƙara buɗewa ta yi.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa na kai wa Uwani sakamako, ta ce ai irin wannan da sunan mutum ake haɗa shi, ba ya kama dabba. Na ga maganarta ta hau. Ban tambayi kaina ba, in ba ya kama dabba, gwajin me nake yi?

Haka kular ta riƙa zuwa duk mako. Ina karɓa a zaure kafin Ɗanjuma ya ɗaga murya, in wanke ta tas, in sa ɗan sabulu ko goro a ciki, in ce ya gaya mata Habibu ya sha ya gode. Kowane curi sai na farfasa shi da cokali ina neman gashi ko zare. Wata rana na tsinci wani baƙin abu, na kai shi rana na duba, ashe ƙwayar masoro ce. Har launin kular sai da muka yi wa zama, me ya sa ja, duk kulolin duniya? Ɗanjuma ma in ya yi murmushi sai in ce a raina wannan ya san wani abu.

Ƙyalla kam ta samu duniya. Gashinta ya kwanta yana sheƙi, ta daina kallon dusa. Duk baburan da ke wucewa a layinmu ba ta kula su, amma in na Ɗanjuma ya karyo kwana sai ta miƙe tana jan igiya. Malam maigidana ya tambaye ni me nake ba ta, na ce albarka ce kawai.

Akwai wata yamma da na kai wa Habibu tuwo, ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Umma, da Inna ba ta riƙe ni a rai ba, da ko gaisuwa ce ta aiko." Inna yake kiran Yaya Hansatu. A lokacin kular tana ƙarƙashin gadona, ko bushewa ba ta gama yi ba. Maganar ta zo mini har baki. Sai na tuna Uwani ta ce irin wannan abu da tausayi yake shiga, na haɗiye, na ce masa ya yi haƙuri. (Haƙuri dai shi ne abin da na iya rabawa, ko ba a tambaye ni ba.)

To, ranar kunya. Da hantsi ne, ina tsintar wake. Na ji baburin Ɗanjuma, na miƙe zan tare shi a zaure kamar kullum, sai na ji sallamar mace. Yaya Hansatu ce da kanta, ta rame, ta rungumo jar kular a ƙirji. Ta ji an ce yaron ya bar waƙa, ta ce bari ta zo ta gani da idonta. Habibu ya ji muryarta ya fito, ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa. Uwani ma ta faɗo, wai aron rariya.

Na shimfiɗa tabarma. Yaya Hansatu ta zauna, ta ajiye kular a gabanta, mun fara gaisawa kenan na ji igiya ta tsinke. Ƙyalla ta taho a guje. Ta wuce waken da nake tsinta, ta wuce kowa, ta kai hanci ta ture murfin kular kamar kayan ubanta. Na daka mata tsawa. Sai ta juya, ta tafi wurin tsohuwar tasar nan da ke jingine a bango, ta tsaya a kanta, ta dube ni, ta yi kuka. Ta dawo wurin kular, ta koma wurin tasar, ta sake dubana. Ko yaron goye ya gane abin da take cewa.

Yaya Hansatu ta ce, "Ikon Allah. Akuyar nan ta san kular nan."

Na ce haka take da baƙi, ba ta da kunya.

Ta juya wurin Habibu ta tambaye shi ko furar tana yi masa daɗi, ko yajin ya yi yawa, don hannunta ya fara rawa wajen awo. Habibu ya ɗago kai a karo na farko, ya ce, "Wace fura, Inna?"

Uwani ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Yaya Hansatu, wadda ta girma cikin dabbobi, ta miƙa hannu ta shafa haƙarƙarin Ƙyalla, ta ɗan matsa cinyarta, ta gyaɗa kai. Ta dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ta yi da ya fi mini sauƙi. Na so ƙasa ta tsage. Na buɗe baki na ce, "Yaya, mutane ne..."

Ta ce in kawo mata ƙwarya da ludayi da ruwan sanyi. Na kawo. Tana damawa tana magana, ba ni take kallo ba. Ta ce wannan furar ita take yi musu tun suna bin bukukuwa, duk ranar da za su shiga situdiyo Isiya yakan zo ya ɗauka, da kimba a ciki don ta buɗe maƙogwaro. Ta ce ita ba ta iya magana a waya ba, kuka ke cin ƙarfinta, shi ya sa ta ce in yaron ya ji ƙanshin nan zai san babu komai a ranta. Ta ce ita ma ta ji abin da ake faɗa, har gida aka kawo mata, amma ta san wanda ya ba ta Isiya, ta kuma san wanda ya karɓe shi.

Ta ɗebi ludayi ta sha a gabana, a hankali, har ta nuna mini cikinsa. Ta sake cikawa ta miƙo mini. "Ungo, ƙanwata. Kin fi akuyar nan haƙƙi."

Na sha. Wallahi ban taɓa shan fura mai daɗinta ba, kuma ban taɓa shan abin da ya ƙi wuce mini wuya kamarta ba.

Habibu ya karɓi ƙwaryar. Ƙanshin kawai ya ji ya fashe da kukan da bai yi ba tun ranar Gagarawa. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce kiɗan da Isiya ya bari a kwamfuta, in bai hau kai ba wa zai hau? Da ya share ido ya dube ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Umma, abin da aka yi mini kika yi mata." Shi ya raka ta Sule Tankarkar ranar, ya shiga har ɗakinta, ya kwana biyu a can.

Ya koma waƙa. Ya ajiye baƙin gilashin, yana ɗaukar wayata da kansa, masu zagi kuma ko amsa ba ya ba su. Ni ma na je na durƙusa na ba Yaya Hansatu haƙuri, ta ce ita ma uwa ce, a bar maganar. Ita ta bari. Ɗanjuma ne bai bari ba, duk fasinjan da ya ɗauka sai ya ba shi labari, har yanzu in na shiga gidan biki sai wata ta miƙo mini kwano ta ce in kai wa likitata ta duba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In zuciyata ta raya mini wani abu game da mutum, yanzu mayafi nake ɗauka in je in tambaye shi, ko da zan ji kunya, don waccan kunyar ƙarama ce. In kuwa shaiɗan ya rinjaye ni na sake ƙulla wani abu a ɓoye, to ba zan haɗa baki da mai ƙafa huɗu ba. Mutum ko bai so ka ba yakan rufa maka asiri don gobe. Akuya ba ta san gobe ba, cikinta kawai ta sani.