Haƙorin Bidi a Gaban Majalisa

A wani daji mai yalwar ciyawa da yalwar masu ba da shawara, wata goɗiya mai suna Gunya ta tsaya a kan mijinta da hantsi tana lallashi.

"Maigida, in ba za ka buɗe bakin ba, ko da kunne ne nuna mini ɓangaren da ke ciwo."

"Babu inda ke ciwo," in ji Bidi, yana magana ta tsakanin haƙora, hawaye na gangarowa. "Ƙoshi ne ya hana ni kiwo."

"Ƙoshi? Kai da haƙarƙarinka ya fito har tsuntsaye na leƙen wurin sheƙa?"

Bidi ya kau da kai. Ingarma ne da zaki bai taɓa sa shi ja da baya ba, amma akwai abu ɗaya da ko sunansa aka ambata sai ya nemi wurin ɓuya: awartakin Gwaggon Biri, wanzamin dajin, wanda ake kira Sarkin Aska. Tun Bidi yana dukushi ya ga an danne wani jaki ana cire masa haƙori, kukan jakin nan kuwa bai bar kunnensa ba har girma. Shi ya sa da turminsa, haƙorin tauna na can ciki, ya ruɓe, ya gwammace ya rufe baki ya mutu da sirrinsa.

Gunya kuwa sonsa take yi irin son da ke hana barci. Takan tuna ranar da ya ratso fadama a guje, gezarsa na tashi kamar hayaƙi, ya tsinko mata ɗanyar harawa ya ajiye a gabanta. Yanzu ga damina ta zauna, ciyawa ta yi shar, bakin da ya tsinko harawar nan ya kasa tauna ko toho. Ta san in aka ci gaba a haka, kaka ba za ta same shi a tsaye ba. Sai ta share hawaye ta nufi gindin kuka, inda Majalisar Lafiya ke zama.

Shugabar majalisar Ungulu ce. An zaɓe ta ne saboda shaidar da kowa ya yi mata, cewa babu marar lafiyar da ya taɓa kwantawa a dajin ba ta je dubiya ba, wani lokaci ma tun kafin danginsa su ji labari. Ta saurari Gunya da kai a karkace, ta tambayi yadda ramar take, da ko cinyoyin ma sun zube, sannan ta gyara murya.

"'Yan majalisa, ku lura da kyau. Abin da ke gabanmu ba haƙori ba ne. Haƙori ƙaramin abu ne, ni da kuke gani ban taɓa mallakar ko ɗaya ba, ga ni kuma lafiya lau. Abin da ke gabanmu tsoro ne. Doki yana tsoron wanzaminmu, tsoron wanzami kuwa rashin yarda ne da majalisar da ta naɗa shi. Yau doki ne, gobe barewa, jibi sai a wayi gari kowa na jinyar kansa a gida. Saboda haka mu kashe tsoron tukuna, haƙori ya biyo baya."

Hawainiya, wadda ta shigo taron koriya, ta riga ta rikiɗe ta zama kalar fuka-fukan shugaba. Ta ce, "Ranki ya daɗe, abin da ke bakina ke nan kika riga ni."

Aka juya ga Iya Bushiya, mai magungunan majalisa. Ta tako a hankali, ƙayoyinta cike da ganyaye.

"Akwai jiƙon da ban taɓa ba kowa ba," in ji ta, "don haka babu wanda ya taɓa kushe shi. Furen zaƙami ne da ganyen ɗoɗɗoya, a jiƙa su a ruwan da kurciya ta yi wanka, saboda sanyin halinta, a ɗiga raɓar da ta kwana a bayan kunkuru, saboda rashin gaggawarsa. Wanda ya sha, ko tsawa ta faɗo a gabansa sai ya yi mata sannu da zuwa."

Gunya ta ce, "Iya, zai tashi dai ko?"

"'Yar nan, ke dai kawo shi. Tashi ai na Allah ne."

Wahalar ita ce shan. Bidi ba zai karɓi komai daga hannun majalisa ba, saboda haka aka ɗora wa Gunya. Ta ɗauki ƙwaryar jiƙon ta koma, ta yi masa ƙaryar da ba ta taɓa yi masa ba tun haɗuwarsu.

"Sanyin idona, wannan narkar da ciwon yake yi. Babu awartaki, babu Sarkin Aska. Sha, don ni."

Ya yi mata dogon kallo, ya sha. Kafin rana ta take tsaka ya fara yi wa gara murmushi, ya gaida kututture, sannan ya zube a ƙasa yana munshari, baki a wangale.

Nan da nan daji ya cika. Aka yi guɗa, aka yaba wa Bushiya, Hawainiya ta ce ita dama tun farko ta faɗa. Sarkin Aska ya iso yana kaɗa awartaki, ya tsuguna, ya tura hannu cikin bakin har gwiwar hannu. Ya ƙwanƙwasa haƙori na farko da gindin awartaki, ya dubi fuskar Bidi. Shiru. Ya ƙwanƙwasa na biye. Shiru. Ya bi su duka, sama da ƙasa, Bidi na ta munshari har da lumshe ido. Sarkin Aska ya zaro hannu ya sosa ƙeya.

"Ranki ya daɗe, wanne ne?"

"Wanne ne me?" in ji Ungulu.

"Mai ciwon. Mu a sana'armu ƙwanƙwasawa muke yi, wanda mai shi ya zabura a kansa, shi ne. To, wannan ko guduma na sa ba zai zabura ba. Can ciki kuma duhu ne, duk kamarsu ɗaya."

"Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Ba a tambaye ni ba. Ni cirewa aka naɗa ni, ba magana ba."

Aka dubi Gunya. Ta sunkuyar da kai, domin ita ma bai gaya mata ba. Can ta durƙusa a gaban Ungulu.

"Ranki ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku bari ya farka. Ni zan roƙe shi, zan kwanta a gabansa har sai ya faɗa. Na dai san na ciki ne, tauna ce ta gagare shi, ba tsinka ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ungulu ta dubi taron da ya cika fili, ta dubi goɗiyar, ta yi mata murmushin tausayi.

"Ƙanwata, so ne ke magana a bakinki, so kuwa ba ya cikin 'yan majalisa. Dubi jama'ar nan. Sun bar kiwo sun zo ganin aiki. Mu sallame su mu ce majalisa ta kwantar da doki ta rasa abin da za ta yi da shi? Kuma ko da mun laluba mun dace da na cikin, wa zai gani? Wa zai tura kai cikin bakin doki don ya yaba mana? Aikin da ido bai gani ba, ba a yi shi ba. Gani ya kori ji. Sarkin Aska, ga na gaba nan fari tas, kowa na kallonsa. Cire shi."

"Wallahi shi nake ta kallo tun ɗazu," in ji Hawainiya. "Farinsa ma ya yi yawa, akwai abin da yake ɓoyewa."

Sarkin Aska bai yi musu ba. Haƙorin lafiyayye ne, saboda haka ya ba shi wuya, sai da ya taka haɓar Bidi da ƙafa biyu. Da ya fito aka ɗaga shi sama, daji ya ɗauki sowa. Aka rataye shi a reshen kuka inda duk mai wucewa zai gani. Gunya ta tsaya tana lasar jinin da ke bakin mijinta, tana jin kamar daga ƙirjinta aka ciro.

Da la'asar Bidi ya farka. Ya miƙe yana tangaɗi, yunwa ta sa ya kai baki ga ciyawa, ciyawar ta zame ta cikin giɓi. Ya gwada tauna ɗan abin da ya samu, tsohon ciwon ya soke shi har ƙwaƙwalwa. Ya taɓa giɓin da harshe, ya juyo ya dubi Gunya. Da wannan kallon, ita ta gwammace da harbinta ya yi.

Sai ya taka har gindin kuka, ya buɗe bakin da ya daɗe yana rufewa.

"Na daina tsoro," in ji shi, maganar na fita da iska. "Na ƙasa ne, na hagu, na can ƙarshe. Ku cire shi yanzu, idona biyu."

Gunya ta fashe da kuka don murna. Sarkin Aska har ya ɗauki awartaki. Amma Iya Bushiya ta matsa ta yi wa shugaba raɗa, shugaba ta gyaɗa kai, ta buɗe fuka-fukai aka yi tsit.

"Mun ji, kuma mun yi murna da jiƙonmu ya kashe tsoro kamar yadda muka yi alkawari. Sai dai majalisa ba ta karɓar shaidar wanda ya sha zaƙami, domin ɗazu a gaban kowa ya gaida kututture. Ga hukunci: gobe da hantsi a sake ba shi jiƙon, a cire na kusa da giɓin. Za a bi su ɗaya bayan ɗaya daga gaba, cikin tsari, ba tare da son kai ba. Duk inda mai ciwon ya ɓuya, a layi yake. Ni kuma da kaina zan riƙa zuwa dubiya."