Kunnen Tanne da Randuna Arba'in

"Lahiya lau nike, tunda ba kai ke ciyar da ni ba. Ina gajiya, maigida? Ko ba a gajiya da zama?"

Sadiƙ ya ji muryar ya gane ta, amma bai ɗago kai daga salular da ke hannunsa ba. Kakarsa ce Tanne, wadda ta haifi babansa. Ta shigo Filinge daga ƙauye cin kasuwa, ta tsaya bakin rumfarsa da sanda a hannu.

"Sannu da zuwa, amarya. Na ɗauka kin yi yaji ne."

"Yaji a kan wa? Sai mijin kirki ake ma yaji. Matsa mini benci."

Rumfar Sadiƙ ta cajin salula ce. Faranti biyu na hasken rana bisa rufi, batir a ƙarƙashin tebur, saluloli jere kowace da lamba manne a bayanta. Yana kuma zuba wa mutane waƙoƙi da wasanni. Wani wasa daga cikinsu ne ya hana shi sakat mako uku ke nan.

Wasan ya shigo gari ne cikin salular wani ɗan ci-rani da ya dawo daga Aljeriya. Rubutunsa ba Faransanci ba ne, ba Larabci ba, wasu zane-zane ne kamar sawun kaji, don haka babu wanda ya san sunansa balle a nemi bayaninsa a intanet. Wani ɗan mutum ne mai fitila yake yawo cikin tsohon gida. Sadiƙ ya zuba wa 'yan fadarsu, inda suke shan shayi, kowa ya yi ta wucewa ɗaki bayan ɗaki, har aka iso ɗakin randuna. Nan gari duka ya tsaya. Da suka tambaye shi, bakinsa ya riga shi, ya ce ai shi ya wuce tuni. Mushe Ibrahim, malamin lissafi, ya ce to madalla, ranar kasuwa bayan la'asar sai ya nuna musu. In kuwa ƙarya ce, fada duka za ta kwashe salulolinta ta koma rumfar Bala da ke tsallaken hanya. Yau ce ranar kasuwar.

"Tashi ka raka ni wurin masu tukwane," in ji Tanne. "Randata ta tsage. Kai za ka saya, kai za ka ɗauka."

"Randar da aka kai ki ɗaki da ita? Ai ta yi ƙoƙari. Ta ga zamanin Nasara."

"Ta girmi ubanka, kuma ta fi ka amfani. Ko banza tana sanyaya ruwa. Kai mi kake sanyayawa?"

"Zuciyarki."

"Zuciyata tun da anka haife ka take tafasa. Tashi."

"Amarya, yau ba ni da sarari. Aiki gare ni."

Ta leƙo ta bisa kafaɗarsa, ta ƙanƙance ido.

"Wanga shi ne aikin? Ashe kai ma kasuwar tukwane ka shiga."

Ya so ya ɓoye fuskar salular, sai ya ga babu amfani. Tun safe ba ya da wanda zai faɗa wa, ita kuwa gobe tana ƙauye. Ya sassauta murya ya yi mata bayani. Randuna arba'in ne, kamarsu ɗaya. Makullin ƙofa yana cikin ɗaya. Uku kawai ake bari ka fasa, in ba ka dace ba rufi ya rufto, a koma farko, makullin kuma ya sake randa. Ya faɗa mata zancen fada, da na Bala.

Tanne ta tafa hannu.

"Wayyo ni! Na auri maƙaryaci. To sau nawa ɗakin ya rufta maka?"

"Ban ƙirga ba."

"Ƙirga."

"Zai kai ɗari biyu."

"Randa ɗari shida ka fasa! Da a ƙauyenmu ne da an ɗaure ka a gindin gawo. Ni shekara arba'in ina ginin tukwane kafin gwiwa ta ƙi, ban fasa goma ba."

"To ko za ki tambayar mini mutanenki na ɓoye? Ko su sun san inda makullin yake."

"Ka bar su inda suke. Ba su da lokacin wasan ƙattin banza. Shi wanga ɗan mai fitila, fashi kaɗai ya iya?"

"Yana da abu biyu. In na danna nan, ya ɗaga sanda ya fasa. In na danna nan, ya miƙa hannu ya taɓa randar. Amma taɓawar ba ta yin komai. Duk mun gwada."

"Taɓa in gani."

Ya danna. Ɗan mutumin ya lanƙwasa yatsa, ya kai wa cikin randar sau biyu, ya janye hannu.

"Kin gani? Ba komai."

Tanne ta dube shi, ta dubi salular, ta sake dubansa.

"Maigida, wannan ba taɓawa ba ce. Ƙwanƙwasawa yake. To mi randar ta ce?"

"Ta ce me?"

"In an ƙwanƙwasa randa ai amsawa take. Ita wagga bebiya ce?"

Sai Sadiƙ ya tuna. Duk salular da ya zuba wa wasa, kafin ya miƙa wa mai ita, yakan shiga ya kashe sautin wasan. Dabararsa ce ta sana'a. Sauti yana cin batir, shi kuwa da haka ya yi suna, ana cewa cajin Sadiƙ ya fi na Bala daɗewa. Ba wanda ya taɓa jin ƙarar wasan nan a Filinge, har shi kansa.

"Mi ya same ka? Ka yi tsuru kamar akuyar da ta ci dusar maƙwabta."

"Ba komai. Bari in gyara wani abu."

"Kai ka toshe musu baki, ko? Faɗi gaskiya, ka ga yau ba ka fara ba."

Ya shiga ya kunna sautin, ya ƙure shi. Ya danna. Daga ɗan bakin salular wata ƙara ta fito, tan-tan. Ya matsa randa ta biyu, tan-tan. Ta uku, ta huɗu, ta biyar.

"Duk ɗaya ne," in ji shi.

"Ga kurma duk ɗaya ne. Kawo nan."

Ta ture ɗankwalinta daga kunnen dama, ta kama hannunsa da salular duka ta manna a kunne. Kasuwa tana ta hayaniya, ga masu baburan kabu-kabu, ga rediyon mai nama, amma ta lumshe ido kamar tana tsakar ɗakinta.

"Buga. Wagga lahiyayya ce, ta gasu. Wuce. Wagga ma. Wuce. Tsaya, sake. Ka ji? Ta amsa ta yanke."

"Ita ce! In fasa?"

"Kul! Tsagaggiya ce, ba komai cikinta. Wanda ya gina wasan ga ya san tukwane, ya aje ta don irinku masu gaggawa. Allah ya sa uwarsa maginiya ce. Wuce."

Suka bi layi na farko, suka bi na biyu. Tsagaggu biyar ta ƙirga, kowace sai ta yi tsaki ta ce an cuci yumɓu. A layi na uku, randa ta bakwai, ta ɗaga yatsa.

"Sake. Sake kuma. To. Wagga ta amsa daidai, amma akwai abin da ya biyo bayan amsar, ɗan ƙis, kamar an manta tsakuwa a ciki. Fasa ta."

"In rufin ya faɗo fa?"

"Ya faɗo bisa kanka na ɗari biyu da ɗaya. Ka saba."

Ya danna. Randar ta tarwatse, makulli ya faɗo yana walƙiya. Ɗan mai fitila ya ɗauka, ƙofar da ta gagari Filinge mako uku ta buɗe.

Sadiƙ ya miƙe tsaye har ya kusa ture tebur.

"Na wuce! Wallahi na wuce!"

"Ka wuce? Kai da wa?"

"Hannun wa ya danna?"

"Jakin da ke jan guga ma shi ke cewa shi ya gina rijiya? Koma farko ka yi kai kaɗai, mu gani."

Ya koma. Ya manna salular a kunnensa, ya bi randunan a hankali, ya zaɓi ɗaya. Wayam. Ya zaɓi wata, ya zaɓi ta uku, rufi ya rufto. Ya sake gwadawa, ya sake rufta. Ya dubi inuwar rumfa, ta fara karkata. A tsallaken hanya Bala yana share teburinsa, yana ƙara jera wayoyin caji kamar mai jiran baƙi.

Sadiƙ ya zauna, ya gyara murya.

"Uwargida."

"Yanzu na tashi daga amarya?"

"Ran uwargida ya daɗe. Hasken gidana. Motar ƙauyenku sai bayan la'asar take tashi, ko?"

"Ni tahiya zan yi wurin Bala. Yaro ne mai ladabi, ga shi da ƙiba. Dama na daɗe ina son in sake miji."

"Bala ba ya iya riƙe ki. Goron da kike ci a wuni ya fi cinikinsa."

"To kai mi ka aje?"

"Randa. Wadda kika zaɓa."

"Randa dama hakkina ce. Ƙara."

"In ɗauka miki har tasha."

"Bisa kai. Ba bisa kabu-kabu ba, su girgiza mini ita. Ta tsakiyar kasuwa, 'yan matan da kake ma kwalliya su gani."

"Haba, Tanne!"

"Ka kira sunana gatsau? To na ƙara ɗaya. In abokanka sunka zo, kai da bakinka za ka faɗi wa ya buɗe ƙofar. Da wanda ya toshe ma randunan baki."

Wannan ne ya yi masa nauyi. Ya juya salular a hannu. Zai iya cewa ta zauna kusa ta riƙa taɓa shi da sanda in an zo kan randar, amma ya san Mushe Ibrahim, ba abin da ke wuce idonsa. Ya kuma san kakarsa. In ya yi ƙarya a gabanta, kafin magariba masu tukwane duka sun ji. Sai ya ce ya yarda.

Suka tafi layin tukwane. Tanne ta ƙwanƙwasa randa goma sha ɗaya kafin ta yarda da ɗaya, mai sayarwa Dijatu tana cewa, "Inna, ki bar mini na sayarwa." Ta sa Sadiƙ ya gwada zaɓe, ya nuna wata mai jan baki mai kyau. Dijatu da kanta ta yi dariya ta ce wannan ta ajiye ta ne don zuba toka.

Bayan la'asar 'yan fada suka cika rumfar, su tara, Mushe Ibrahim a gaba. Suka tarar da tsohuwa zaune kan benci da sabuwar randa a gefenta, suka durƙusa suka gaishe ta. Sadiƙ ya share gumi.

"Jama'a, ranar da na ce muku na wuce, ban wuce ba. Yau na wuce, kuma ba ni na wuce ba. Ga mai aikin. Sannan duk wanda na zuba wa wasan nan, ni na kashe masa sauti don batir ya daɗe. Amsar kuwa a sautin take."

Rumfar ta ɓarke da ihu. Wani ya ce a kama shi, wani ya ce ya cinye masa mako uku na rayuwarsa. Tanne ta buga sanda a ƙasa.

"Ku bar mini shi, ni kaɗai ke da izinin zaginsa. Wa ke da randuna?"

Mushe Ibrahim ya kunna sautin salularsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta manna a kunne, shi yana dannawa. Randa ta goma sha tara ta ce a fasa, makulli ya faɗo. Malamin ya cire tabarau ya goge, ya ce shi da ya cika takarda biyu da lissafi. Aka yi layi. Ta buɗe wa mutum huɗu, ta kuskure sau ɗaya, ta ce laifin rediyon mai nama ne. Da direban motar ƙauye ya fara busa oda, sauran biyar suka tambayi yaushe za ta dawo.

"Kasuwa mai zuwa, in mijina ya biya mota. Ku bar salulolinku nan wurinsa. Maƙaryaci ne, amma yau ya tuba."

Suka bari. Sadiƙ ya manna wa kowace lamba, bai ko dubi tsallaken hanya ba. Sannan ya naɗe rawanin wani ya yi gammo, ya durƙusa, Mushe Ibrahim ya taya shi ɗora randar.

Tanne ta miƙe, ta kai yatsa ta ƙwanƙwasa randar a kansa. Ta amsa tangaran. Sai ta sauko da yatsan ta ƙwanƙwasa goshinsa sau biyu, ta karkata kunne.

"To, me kika ji?" in ji Sadiƙ.

"Ba tsagewa. Amma ba makulli a ciki."

Dariya ta kama shi har randar ta yi rawa, ya tallafe ta da hannu biyu.

"Na yarda, uwargida. Wuce gaba, ina biye."