Ilu da Ƙwaƙwalwar Rijiyar Garinmu

A gidanmu, a Kanyar Bawa, mu uku ne da jaki ɗaya: ni, da ɗana Ilu, da autata Turai. Ilu ba ɗan fari ba ne, shi ya sa kuke jin sunansa a bakina. Ya ba talatin baya, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, bai taɓa dukan ko akuya ba. Abu ɗaya ne: maganar da ka faɗa masa ita zai yi, ba ragi ba ƙari. Allah Ya yi shi haka, kuma na gode. Turai kuwa ta yi karatun kwamfuta a birni. Ni ban shiga aji ba, a littattafanta na koya wa kaina haɗa baƙi, ina ɗinki ina leƙe.

Shekarar da nake ba ku labari, tsawa ta ƙona akwatin da ke tayar da injin rijiyar burtsatsenmu mai aiki da hasken rana. Mata suka koma rafi, tafiyar awa guda da tulu a ka. 'Yan garinmu mazauna birni suka aiko da sabon akwati, amma fanko, ba a zuba masa umarnin aiki ba. Turai ta tsaya gaban Dagaci ta ce, in Allah Ya yarda ran Juma'a ta sama za a sha ruwa. Aka ɗaura akwatin a gindin tanki, aka kawo mata kwalinsa gida.

Na tambaye ta yadda aikin yake. Ta ce wasu masana sun rubuta umarnin sun bar wa duniya kyauta, sai dai a warwatse yake, sai an haɗa. Akwatin ƙarami ne, ba zai iya haɗa wa kansa ba, sai babbar kwamfutarta ta haɗa masa. To ƙwaƙwalwarsu ba iri ɗaya ba ce, kuma in ba a rubuta wa babbar irin ƙwaƙwalwar ƙaramin ba, sai ta auna kanta ta haɗa daidai da ita.

Na ce, "Wato ɗinkin wanda ba ya nan. In ba a kawo mini awonsa ba, sai na yanka daidai jikina."

Ta ce, "Inna, wallahi kin fi malaminmu bayani."

Wata rana Turai ta kwashe awon ƙwaƙwalwar akwatin daga jikin kwali, ta sa kwamfuta haɗi, za ta je gaida ƙawarta da ta haihu. Ta ce, "Yaya, zauna nan. Kada ka bar kowa ya taɓa ta sai ta gama." Ilu ya ɗauko sandarsa ya zauna. Ashe tana fita haɗin ya tsaya, jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta. Da ta dawo ta miƙa hannu, sai ga sanda a tsakani.

"Ta gama?"

"Ba ta gama ba, Yaya, ta maƙale ne. Gyarawa zan yi."

"To ba a taɓawa."

"Ni ce fa na sa ka!"

"Kowa kika ce. Ba ki ce ban da Turai ba."

Sai da na ce ta fita zaure ta sake sallama, ta janye maganar farko da bakinta, sannan ya sauke sanda.

Wata rana kuma ta ga gara ta ba shi aikin hannu. Ta nuna masa maɓallai huɗu da zai danna bi da bi, ta ce, "In ka ga jan rubutu, ka sake daga farko." Ta tafi kan tudun makaranta, inda waya ke kamawa, don ta tambayi masana. Tun hantsi Ilu ke dannawa. Ja ya fito, ya sake. Ja ya fito, ya sake. Kowane zagaye sai ya ajiye ƙwayar gyaɗa ɗaya a gefe. Na kawo masa tuwo, ya ce ba ya cikin maɓallai huɗun. Salla dai ya tashi ya yi, don wannan umarnin ya girmi na Turai. Da la'asar ta dawo ta tarar da gyaɗa sittin da uku a jere, kwamfuta ta yi zafi kamar tanda.

Ilu ya ce, "Taurin kai gare ta, amma ta kusa gajiya. Ji yadda take huci."

Wata rana, Talata ce, haɗi ya kammala ba ja ko ɗaya. Turai ta yi tsalle. Ta zuba aikin a wani ɗan kati da bai fi farcen ɗan yatsa ba, ta ce, "Yaya, yi gaba da shi rijiya, ina zuwa. Ka riƙe shi kamar ƙwai." To mu nan, a cikin ƙaiƙayi ake ɗaukar ƙwai zuwa kasuwa. Ilu ya cika ƙwarya da ƙaiƙayi, ya binne katin a tsakiya, ya ɗora a ka, yana tafe yana sanɗa. Da Turai ta iso ta ce ina kati, ya nuna mata ƙwarya. Aka laluba, aka laluba, babu. Matan da suka dawo daga rafi suka sauke tuluna, aka aro faifai, aka shiga shiƙa. Gwaggo Lanti, tsohuwar da ta yi mini wankan jegon Ilu, tana shiƙa tana cewa, "Ilu angona, gara da ba ka sa wa kaza ta kwanta a kai ba, da mun sha ruwa da 'yan tsaki!" A faifanta aka tsinci katin. Turai ta hure shi, ta zura a ɗan ramin da ke gefen akwati. Aka jira koriyar fitila ta kama. Shiru. Turai ta zare katin, matan suka ɗauki tulunansu suka watse.

Laraba ta wuce Turai ba ta ci abin kirki ba. Ta duba awon kwali sau goma, daidai yake da abin da ta rubuta. Ni dai na ƙara raka'a biyu a walahata, ban gaya wa kowa ba.

Wata rana, ita ce Alhamis, Ilu ya tsaya mata a ka yana tambaya ko akwai abin dannawa. Don dai ta samu sarari, ta miƙa masa littafi da biro ta ce, "Je rijiya ka kwafo mini duk rubutun da ke wurin. Duka. Kada ka bar ko ɗaya." Ilu ba ya karatu, amma na koya masa zana baƙi yadda ya gan shi, kuma hannunsa ya fi nawa kyau.

Sai bayan azahar ya dawo, da tabaran Liman a hanci, da sukundireban mai faci a aljihu. Turai ba ta ko ɗaga kai ba, sai ni na karɓi littafin ina karantawa a fili, ko ta yi dariya. Shafin farko: ba a wanki a nan. Na biyu: Sale ɓarawon mangwaro, da gawayi aka rubuta shi a ƙafar tanki. Har zanen wani kare ya kwafo. Na zo shafi na shida, na ga wasu baƙaƙe da lambobi, na shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya yadda na saba.

Turai ta ce, "Inna, sake faɗa."

Na sake.

"Yaya, ina ka ga wannan?"

"A cikin akwatin. Na leƙa ta ramin kati na hango rubutu a ciki, sai na kwance murfin. A kan wani ɗan baƙin abu yake, ƙanana ƙwarai, shi ya sa na aro idon Liman."

"Ka buɗe akwatin? Wa ya ce ka buɗe?"

"Ke. Duka kika ce."

Ta fizgo kwali ta haɗa da littafin, ta dafe kai. Ashe a kwalin wani aka zubo akwatin. Ƙwaƙwalwar da ke ciki tsohon samfuri ce, ba wadda aka buga a kwali ba. Kwana goma tana ɗinka wa wanda ba shi ne zai sa rigar ba. Layi biyu kawai ta canza a awon, ta sa haɗi, ya tafi sumul. Wannan karon a bakin zanenta ta ƙulle katin.

Ran Juma'a da hantsi koriyar fitila ta kama, inji ya yi gurnani, kafin a sauko daga masallaci ruwa na zuba a famfo huɗu. Gwaggo Lanti ta rangaɗa guɗa, ta ce duk wanda ya sake kiran angonta wawa, da ita zai yi. Dagaci ya sa wa Turai albarka, ita kuma ta nuna yayanta ta ce a sa masa. Aka waiwaya, ba Ilu.

Can na hango shi a saman tsani, manne da tanki, da littafi a hannu da tabaran Liman a hanci.

Na ce, "Kai Ilu, sauko, ana nemanka!"

Ya ce, "Inna, a ce su ɗan jira. Akwai rubutu a murfin tanki, jiya ban kai nan ba."