Rasuwar Hajiya Suffara, Jiniyar Masaƙar Hillat Zare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne mai cike da shiru, ni Mudi Mailafiya, a madadin ma'aikatan masaƙar Hillat Zare da iyalansu, nake sanar da jama'ar Gadarif da Fau da Hawata, da duk wanda iska ta taɓa kai wa muryarta, rasuwar uwarmu Hajiya Suffara, jiniyar masaƙa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan hasumiyarta, tana da shekara ashirin da biyu, bayan tari mai tsawo da magani mai yawa.

Marigayiya ta zo mana a shekarar 1975 cikin akwatin katako, tare da injinan saƙa tamanin. Mun sa mata Hajiya ne domin ta ƙetare Bahar Maliya a jirgin ruwa, abin da kakanninmu suka fito yi tun daga Kano da Sakkwato, suka tsaya a nan noman dawa na damina ɗaya, har yau ba su ƙarasa ba. Kafin zuwanta babu Hillat Zare, sai ƙaya da baƙar laka. Kamfani ya gina gidaje layi huɗu, mu da muke yankan riɗi a gonakin mutane muka ajiye lauje muka sa rigar aiki mai aljihu. Auduga na zuwa daga Fau, ta fita daga hannunmu ta zama damuriya, farin yadin da ake wa jariri zane da shi, a yi wa manomi riga.

Halinta na gari kowa shaida ne. Ba ta taɓa makara ba. Ƙarfe shida na safe za ta buɗe baki, wuuuuuu, ta tashi mai lafiya da mai ƙaryar ciwo. Ƙarfe biyu ta sake, masu aikin safe su fito da auduga a gemu, na yamma su shiga. Mata da kukanta suke ɗora kisra, wainarmu ta dawa, a wuta. Malam Sharu limaminmu ya sha cewa shi da rana yake aiki, ba da ƙarfen Nasara ba, amma na gan shi sau da yawa yana gyara agogonsa a bayan masallaci in ta yi kuka. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. In an yi haihuwa takan yi gajere biyu, wu, wu. In an yi rashi ta ja dogo uku. Mudir, wato manajan masaƙa, ya hana wannan, ya ce kayan kamfani ba sanƙira ba ne, sai ranar da aka haifa masa ɗa namiji ya aiko a yi biyar.

Ni ne mai danna mata maɓalli tun ranar farko. An zaɓe ni ne don ba ni da surutu, an ce mu biyu muka haɗu an sami daidai. Saboda ita na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in, don in daina tambayar mutane lokaci.

A 1988 injina suka tsaya. Da farko aka ce wani ƙarfe ne ya karye, ana jiran sabo. Sai aka ce wuta ce babu. Sai audugar ma ta koyi wucewa ta gabanmu a manyan motoci ba ta ko sallama. Mudir ya tara mu ya ce zai je Hartum kwana biyu ya dawo da gyara. Shekara tara ke nan. Allah Ya sa hanya ce ba ta da kyau.

Abu ɗaya ya bar mana, takarda manne a ƙofar masaƙa da tambarin kamfani. Ta ce ma'aikaci na da ikon zama a gidan kamfani muddin yana amsa kiran jiniya kowace safiya. To, mu mutane ne masu bin doka. Usta Rufa'i makanikenmu ya haɗa Hajiya da batirin tarakta, ni kuma na ci gaba da danna maɓalli. Kullum ƙarfe shida magidanta sittin da huɗu su shigo, kowa ya tsaya gaban injinsa, ya share masa ƙura, ya gaishe shi. Daga nan mu sha shayi wajen Jummare mai shayin bakin ƙofa, mu hau akori-kura mu tafi yankan riɗi a gonakin da muka baro. Duk shekarun nan masaƙar ba ta saƙa ko hular jariri ba, amma ban san wata ma'aikata a ƙasar nan da ta kai mu zuwa aiki a kan lokaci ba. Muryar Hajiya ce rufin ɗakunanmu, kowa ya san haka har awaki.

Ciwon ajali ya fara ne a ƙarshen daminar bara. Muryarta ta dushe, tana farawa da kyau sai ta sarƙe, wuuu, kirrr, kirrr. Usta Rufa'i ya hau ya duba, ya sauko ya ce giris take so, irin nata kuwa rabonsa da ganinsa tun mudir na nan. Aka yi taro a gindin hasumiya. Hajiya Barira ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin garin, ta saurari tarin sau ɗaya ta ce ciwon ƙirji ne, maganinsa man riɗi mai ɗumi da ɗan gishiri, safe da yamma. Usta ya ce inji ba mutum ba ne. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai Rufa'i, da me na tashe ka lokacin da kake tari kamar tsohon jaki? Ko ka fi ƙarfe tauri ne?"

Usta ya karɓi kwalba ya hau. Ni na riƙe masa tsani, ina da abin cewa amma na haɗiye, wannan laifi kuwa zan tafi da shi kabari.

Kwana uku ta yi tana rera murya kamar amarya, har mutanen ƙauyen gaba suka aiko barka. A na huɗu tururuwa suka gano hanya. Man ya haɗu da tsohuwar audugar da ta shekara a maƙogwaronta ya zama kamar tuwo, gishiri kuma ya shiga cin ƙarfe. Duk lokacin da ta ƙara dushewa sai a ƙara mai, domin a garin nan ba a taɓa jin man riɗi ya yi laifi ba, sai dai a ce bai isa ba. Kowane gida ya kawo nasa. Ba za a ce ba a kula da ita ba.

Ranar Talatar nan lajna, wato kwamitin gwamnati, ta iso daga Hartum, mutum uku da jakunkuna, tare da wani attajiri da bai gaishe mu ba, yana ta auna bango da ido yana lissafin buhun riɗi nawa zai ci. Shugabansu ya karanta takardar ƙofa, ya ce in masaƙa na da rai a kira ma'aikata ya gani. Muka jeru, kowa da rigar aikinsa, wasu maɓallan ba sa haɗuwa. Na yi bismilla na danna. Hajiya ta yi iyakar ƙoƙarinta, Allah Ya sani. Ta ce wu. Ta ce kirrr. Sannan ta ce tuf, ta tofo baƙin mai cike da tururuwa a kan farar rigar shugaban lajna, ta yi shiru. Wannan ce maganarta ta ƙarshe, kuma duk wanda ke wurin ya yarda da ita.

Shugaban ya goge rigarsa ya ce tun da babu jiniya babu kira, tun da babu kira babu ma'aikaci, ƙarshen wata za su dawo su rufe gidaje. Jummare ta tambaye shi ko a Hartum haka ake yi, a tarar da gawa ba ta huce ba a fara raba gado. Ya tashi bai shanye shayinsa ba.

Marigayiya ta bar injinan saƙa tamanin, dukkansu a kwance. Ta bar bututun hayaƙi da shamuwa ke haya a kai, da agogon ofis da ya riga ta tafiya ba a sanar ba. Ta bar gida sittin da huɗu, da jikoki da dama da ba su taɓa jin ƙarar saƙa ba, suna tsammanin masaƙa wurin shan shayi ne. Ta bar mudir, in yana raye. Ta bar ni, da ɗan yatsa ɗaya da bai san abin yi ba in shida ta yi.

Game da jana'iza, Malam Sharu ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma bai ga littafin da ya hana mutane zaman makoki ba. Usta Rufa'i zai yi mata wanka da kalanzir. Mun bi gida gida neman damuriyar likkafani ba mu samu ba, sai a kasuwar Gadarif aka sayo, da tambarin wata ƙasa a gefensa. Ba za a binne ta ba sai waliyyinta, wato kamfani, ya zo da kansa.

An yi shimfiɗar makoki a ƙofar masaƙa da ƙofar kowane gida a layi huɗun nan. Ana zama kullum daga ƙarfe shida na safe. Ba a sa ranar ɗauke shimfiɗa ba, rashin babba ne. Dattawanmu sun bincika, tun daga nan har Hawata ba a taɓa jin wanda ya tashi mutane daga kan tabarmar makoki ba, ko ɗan gwamnati ne. Muna gayyatar lajna musamman a ƙarshen wata, su ɗaga hannu su yi Fatiha, su zauna a ba su shayi kamar kowa. Mai zuwa ya taho da tabarma da ɗan sukari. Wanda ya zo da kwaɗon rufe ƙofa ya ajiye shi a waje tare da takalmansa.

Sanarwa daga Mudi Mailafiya, Layi na Uku, Hillat Zare.