Jirgin Yaƙi a Komadugu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa ɓata auren ɗiyar yayata saboda hoto guda ba. Lokacin ne aka hana hawa moto, wato babur, a Diffa saboda matsalar tsaro, kowa na kallon kowa da wutsiyar ido. Ni kuwa nawa zargin ya fi na jandarma.

Yagana, ɗiyar Yaya Falmata, ta kawo saurayi, Modu, ɗan gudun hijira daga Damasak mai sayar da tattasai. Yaya Falmata ta ce tunda ni ne kawu, kuma malamin lekol, wato makarantar boko, in yi binciken asalinsa. Na tambayi limami, na tambayi maƙwabta, kowa yabonsa yake. Wannan ma ya ƙara mini zargi (mutum ba aibi ko ɗaya? A'a).

Sai na ga hotonsa a salular Yagana. Yana tsaye ya harɗe hannu, bayansa wani ƙaton jirgin ruwa mai launin toka, samansa shimfiɗe kamar filin ƙwallo, jirage masu saukar ungulu jere a kai. Na san irinsa, don na sha kallo a intanet: shi ne mai buɗe gindinsa, ƙananan jirage su fito da sojoji da motoci zuwa gaɓa. Me ya kai mai tattasai wurin nan? Wa yake yi wa aiki?

Maimakon in tambaye shi, sai na tara mutane a falona: Yaya Falmata, Modu, da baffansa, tsoho Bukar. Na ɗaga salula na yi bayani kamar ina aji. Har na ce irin wannan jirgi ake shigowa da shi ta kogi a mamaye gari.

Tsoho Bukar ya kira ni yadda ake kiran malaman lekol, ya ce, "Mushe, wane kogin? Komadugun da awaki ke tsallakawa da rani?"

Ban saurare shi ba. Na ce ko dai yaro ya faɗi gaskiya, ko a fasa aure in kai magana bariki. A wancan lokaci, wanda aka kai bariki ba a san ranar dawowarsa ba, kuma na sani.

Modu ya sunkuyar da kai. "Kawu, mai hoton bakin kasuwa ne ya sa mini shi a baya. Ni tun ranar da muka tsallako ruwa a guje, ko kwalekwale ba na iya shiga."

Yaya Falmata ta miƙa yatsa saman kaina, inda hotona ke rataye a bango: ni cikin kwat, na dafa fiffiken jirgin sama.

"To kai, yaushe ka je Faransa? Ba Zinder ce iyakarka ba?"

Mai hoton ɗaya ne. Ni na zaɓi jirgin da bakina. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, zufa har cikin hula.

An yi biki lafiya. Bayan sati Modu ya kawo mini tsaraba a naɗe: hotona, da hular kaftin, tsaye a saman jirgin nan nasa. Yanzu duk unguwa Kaftin ake ce mini, har ɗalibaina.

Na rataye shi kusa da na farko. Duk sa'ad da zargin wani ya taso mini, sai na ɗaga kai na duba bangona tukuna.